Gado a rubutun manhaja: yadda aji ke gadon aji, da yadda ake ƙera abu daga ɗiya

Gado wata hanya ce da masu rubuta manhajar kwamfuta ke bi domin gina sabon sashe na manhaja bisa wani sashe da ake da shi, ba tare da sun sake rubuta shi ba. Yana cikin ginshiƙan salon da ake tsara manhaja bisa abubuwa, salon da harsunan Java, C++ da Python ke tafiya a kansa. Ɗalibin da ke karatu da Faransanci zai gamu da shi da sunan héritage. Rubuta shi ba ya da wuya, sau da yawa kalma guda ce ko biyu. Sai dai yana ɗauke da alƙawari: duk inda aka buƙaci wadda aka gada, dole wadda ta yi gadon ta iya tsayawa a gurbinta. Galibin kurakuran da ake samu a nan, daga karya wannan alƙawari suke fitowa.

Aji da abu

Kafin a yi batun gado, sai an san kalmomi biyu. Ta farko aji, wato classe a Faransanci. Aji tsari ne da ke bayyana wani nau'in abu: irin bayanan da yake riƙewa, waɗanda ake kira siffofi, da irin abin da yake iya yi, waɗanda ake kira ayyuka. Ta biyu abu, wato objet ko instance. Abu shi ne wanda aka ƙera bisa wannan tsari, yake zaune a ƙwaƙwalwar na'ura da nasa bayanan.

Aji kamar akwatin buga bulo ne, abu kuwa shi ne bulon. Akwati guda zai fitar da bulo dubu, dukansu kamanni ɗaya, amma kowane da jikinsa. Idan aka rubuta aji mai suna Asusu, mai siffofi biyu, sunan mai shi da sauran kuɗin da ke ciki, to asusun mai shagon hatsi abu ne, asusun tela wani abu ne daban, kuma kuɗin wannan ba sa shafar na wancan.

Idan wani aji ya gaji wani, littattafan Faransanci kan kira wanda aka gada classe mère, wanda ya yi gadon kuma classe fille. A nan ma za mu ce uwa da ɗiya. Amma a lura, wannan ba irin gadon dukiya ba ne. Uwa ba ta mutuwa, ba a kuma raba komai: kowace ɗiya tana samun duk abin da uwa ke da shi, uwar kuma na nan tana aikinta. Ya fi kama da gadon sana'a, inda ɗan maƙeri ke tashi da duk abin da ubansa ya iya, sannan ya ƙara nasa.

Inda abin ya samo asali

An ƙirƙiro gado a birnin Oslo na ƙasar Norwe. Masana biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, na Cibiyar Lissafin Kwamfuta ta ƙasar, sun fara aiki a farkon shekarun 1960 kan wani harshe mai suna Simula, wanda aka yi domin kwaikwayon al'amuran duniya a cikin na'ura, kamar layin jira da zirga-zirgar ababen hawa. A nan suka ci karo da wata matsala: babbar motar kaya, bas da ƙaramar mota ba abu ɗaya ba ne, amma dukansu na shiga layi guda su jira. Maimaita rubutun shiga layi ga kowane nau'i ɓata lokaci ne. Sai suka ware abin da nau'o'in suka yi tarayya a kai, suka ba shi aji nasa, sauran kuma su ɗora a kansa. Sun gabatar da wannan dabara a shekara ta 1967, kuma da ita aka gina Simula 67, harshe na farko mai aji da ɗiyar aji. An ba su lambar yabo ta Turing ta shekara ta 2001, kuma dukansu biyu sun rasu a 2002.

Daga nan dabarar ta bazu. A cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg sun gina harshen Smalltalk, wanda ya samu gado a fitowarsa ta 1976. Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak da ya saba da Simula tun yana ɗalibi, ya fara saka azuzuwa cikin harshen C a 1979 a cibiyar Bell, aikin da aka raɗa wa suna C++ a 1983. Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991 daga Amsterdam ta ƙasar Holan, sai kamfanin Sun ya fitar da Java a 1995.

Misali da harshen Python

Ga ajin Asusu, a taƙaice:

```python
class Asusu:
    def __init__(self, suna, saura):
        self.suna = suna
        self.saura = saura

    def zuba(self, adadi):
        self.saura = self.saura + adadi

    def cire(self, adadi):
        if adadi > self.saura:
            raise ValueError("kuɗi ba su isa ba")
        self.saura = self.saura - adadi
```

Aikin farko, mai suna `__init__`, shi ne magini, wanda Faransanci ke kira constructeur. Shi ake kira a lokacin ƙera sabon abu, domin ya cika siffofinsa. Kalmar `self` na nufin abun da ake aiki a kansa a wannan lokacin. Sauran ayyukan biyu, ɗaya na zuba kuɗi, ɗaya na cirewa bayan ya duba ko sun isa.

Yanzu a ce ana son asusun ƴan kasuwa, wanda ake yanke kamasho a duk cirewa. Ba sai an kwafe rubutun da ke sama ba:

```python
class AsusunKasuwa(Asusu):
    def __init__(self, suna, saura, kamasho):
        super().__init__(suna, saura)
        self.kamasho = kamasho

    def cire(self, adadi):
        super().cire(adadi + self.kamasho)
```

Sunan Asusu da ke cikin baka a layin farko shi ne gadon gaba ɗaya. A Java ana rubuta `extends` a tsakanin sunayen biyu, a C++ kuma ɗigo biyu.

Wannan ɗiya ta nuna abubuwa uku da kowace ɗiya ke iya yi. Ta karɓi aikin `zuba` yadda yake, ba ta taɓa shi ba. Ta ƙara sabuwar siffa, kamasho. Ta kuma sauya aikin `cire`, ta hanyar rubuta nata mai suna iri ɗaya da na uwa. Ko a nan ba ta yar da na uwar ba: kalmar `super()` na nufin a koma wajen uwa, don haka binciken ko kuɗi sun isa yana nan a wuri guda. Idan gobe aka gyara wannan bincike a ajin Asusu, gyaran ya isa ga kowace ɗiya.

Ƙera abu daga ɗiya

Ga yadda ake ƙera asusun da kuma amfani da shi:

```python
a = AsusunKasuwa("Shagon hatsi", 50000, 200)
a.zuba(10000)
a.cire(20000)
print(a.saura)
```

Na'ura za ta nuna 39800. An buɗe asusun da jika 50 na sefa, an ƙara jika 10, an cire jika 20 da kamashon faran 200.

Abin da ya faru a layin farko ya cancanci a bi shi daki-daki, don a nan masu koyo suka fi rikicewa. Abu guda ɗaya tak aka ƙera. Babu wani abun uwa da ke ɓoye a gefe. Na'ura ta keɓe wuri ga sabon abu na ajin AsusunKasuwa, ta kira maginin ɗiya. Maginin ɗiya ya miƙa wannan abun dai ga maginin uwa, wanda ya saka suna da saura. Da ya dawo, sai aka saka kamasho. Tamkar gini ne: harsashi kafin bango.

A layi na biyu, Python ya nemi `zuba` a ajin ɗiya, bai samu ba, ya hau wajen uwa ya samu. A layi na uku ya nemi `cire`, ya same shi a ɗiya, ya tsaya nan. Ƙa'idar ke nan: ana fara nema daga ajin da aka ƙera abun, a yi ta hawa har zuwa kakan kowa, wanda Python ke kira `object`, Java kuma `Object`.

Harsunan sun bambanta a kan kiran maginin uwa. A Python, idan ɗiya ta rubuta nata magini, babu mai kiran na uwa sai ita. Wanda ya manta layin `super().__init__` zai ga an ƙera abun lafiya lau, amma babu suna babu saura a cikinsa. Kuskuren ba zai bayyana ba sai an zo zuba kuɗi, inda manhaja za ta tsaya da saƙon `AttributeError`, wataƙila a wani wuri mai nisa da inda aka yi mantuwar. Java ba ya barin haka. Idan ba a kira maginin uwa ba, manhajar da ke fassara rubutu zuwa harshen na'ura za ta saka kiran da kanta, muddin uwa na da maginin da ba ya buƙatar komai. Idan ba ta da shi, fassarar ba za ta yiwu ba sai an gyara. A C++ ma sashen uwa ake fara ginawa, a lokacin rushe abu kuma a bi akasin haka, na ɗiya sannan na uwa.

Akwai wani tarko da ke tattare da wannan jeri. Idan maginin uwa ya kira wani aiki da ɗiya ta sauya, a Java da Python aikin ɗiya ne zai amsa, alhali siffofinta ba a cika su ba tukuna. A misalinmu, da maginin Asusu zai kira `cire` domin yanke kuɗin buɗe asusu, da aikin ɗiya zai nemi kamashon da bai wanzu ba. C++ ya bi wata hanya: yayin da ake gina sashen uwa, aikin uwa ne ke amsawa. Shawarar da ta dace da dukansu ita ce magini ya guji kiran aikin da ake iya sauyawa.

Ɗiya a gurbin uwa

Babban amfanin gado ya wuce rage rubutu. Abun da aka ƙera daga AsusunKasuwa, Asusu ne shi ma. Idan aka tambayi Python da `isinstance(a, Asusu)`, zai ce gaskiya ne. Saboda haka ana iya tara asusu iri-iri a jeri guda, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana kiran `cire`, kowane ya amsa da irin nasa: na talaka ya cire adadin, na ɗan kasuwa ya haɗa da kamasho. Wanda ya rubuta wannan zagaye ba ya buƙatar sanin nau'o'in asusun, har da waɗanda za a ƙirƙira bayan shekara biyar. Wannan shi ne abin da Faransanci ke kira polymorphisme, wato kira ɗaya, amsa iri-iri.

A Java ana rubuta shi a fili: `Asusu a = new AsusunKasuwa(...)`. Sunan da ke hagu ke ƙayyade ayyukan da aka yarda a kira, ajin da ke dama kuma ke ƙayyade wane rubutu zai gudana. A C++ hakan ba ya faruwa sai uwa ta sa wa aikin alamar `virtual`, kalmar da aka gado daga Simula.

Akan kuma rubuta uwar da ba a ƙera abu daga gare ta kai tsaye, wadda Faransanci ke kira classe abstraite. Aikinta ta lissafa ayyukan da kowace ɗiya za ta cika. Java na sa mata alamar `abstract`, kuma duk wanda ya nemi ƙera abu daga gare ta, fassara za ta ƙi.

Alƙawarin da ke cikin gado

Barbara Liskov, malama a cibiyar MIT ta Amurka, ta bayyana sharaɗin a wani jawabi na 1987, ta kuma faɗaɗa shi tare da Jeannette Wing a 1994. Ma'anarsa ita ce manhajar da ke aiki daidai da uwa, wajibi ne ta ci gaba da aiki daidai idan aka ba ta ɗiya. An ba Liskov lambar Turing ta 2008.

Ga yadda ake karya shi. A ce an ƙirƙiri AsusunKulle, na ajiyar da ba a taɓawa sai wa'adi ya cika, aka gada daga Asusu, aka sauya `cire` ya riƙa ƙin kowace buƙata. A baki, asusun kulle ai asusu ne. Amma uwa ta yi alƙawarin cewa idan kuɗi sun isa, cirewa za ta yiwu, kuma wani sashe na manhajar, misali mai biyan kuɗin wuta kowane wata, ya dogara da hakan. Ranar da asusun kulle ya shiga jerinsa, sai biyan ya tsaya a tsakiya, wasu an biya, wasu ba a biya ba. Na'ura ba ta da hanyar gano wannan tun da wuri, don sunayen ayyukan sun dace. Mafita ita ce a sake tsarin: uwa mai suna da saura da `zuba` kaɗai, sannan `cire` ya zauna a reshen asusun da ake cirewa.

Ko manyan harsuna sun faɗa wannan rami. A Java akwai aji mai suna `Stack`, na tari irin wanda ake ɗora abu a sama a kuma ɗauka daga sama. An gada shi daga `Vector`, jerin da ake iya saka abu ko'ina a cikinsa. Sakamakon haka kowa na iya cusa abu a tsakiyar tarin, abin da bai kamata ya yiwu ba. Yana nan tun fitowar farko, kuma takardun bayanin Java da kansu na ba da shawarar a yi amfani da `Deque` a madadinsa.

Matsala ta biyu ita ce raunin uwa. Ɗiya na dogara da yadda uwa ke aiki a ciki, har da abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Joshua Bloch ya kawo sanannen misali a littafinsa Effective Java na 2001: ɗiyar `HashSet` da ke ƙirga abubuwan da aka saka. Ta sauya aikin saka ɗaya da na saka da yawa, kowane yana ƙirgawa, ba tare da sanin cewa a wajen uwa na biyun yana kiran na farko ba. Aka saka abu uku, lissafi ya nuna shida. Saboda irin wannan ne Java ke da alamar `final` ta hana gadon aji, harshen Kotlin kuma ya rufe kowane aji sai an buɗe shi da gangan.

Gado daga uwa fiye da ɗaya

C++ tun daga 1989, da Python, sun yarda aji ya gaji azuzuwa da dama. Wahalar na zuwa ne idan uwaye biyu sun fito daga kaka guda, kuma kowace ta sauya aiki ɗaya: na wa jika za ta ɗauka? Python na warware wannan da tsararren jerin nema mai suna C3, wanda ya fara amfani da shi a fitowa ta 2.3 a 2003. Ana iya ganin jerin kowane aji a `__mro__`. A irin wannan hali `super()` na nufin na gaba a jerin, wanda ba lallai ne ya zama uwar da mai rubutu ke zato ba. Java ya kauce wa matsalar: uwa ɗaya kawai, amma aji na iya ɗaukar yarjejeniyoyi da yawa, waɗanda ake kira interface, wato jerin ayyukan da ya yi alƙawarin cikawa.

Yaushe za a gada, yaushe za a haɗa

Akwai wata hanya ta sake amfani da rubutu, wato haɗi: aji ya riƙe wani abu a cikinsa a matsayin siffa, ya riƙa miƙa masa aiki. Mota tana da inji, ba inji ba ce. Littafin Design Patterns na 1994, na Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides, ya ba da shawarar a fifita haɗi a kan gadon aji. Wasu sababbin harsuna sun wuce shawara: Go, da Google ya bayyana a 2009, da Rust, da ya kai fitowa ta 1.0 a 2015, ba su da gadon aji kwata-kwata.

Hakan bai kawar da gado ba. Allon manhajar wayar Android akan gada shi daga ajin `Activity`. Mai gina shafin intanet da Django na bayyana bayanansa ta hanyar gadon ajin `Model`. Kurakuran Python ma dangi ne: `ZeroDivisionError` ɗiyar `ArithmeticError` ce, ita kuma ɗiyar `Exception`, shi ya sa wanda ya kama uwa ya kama ƴaƴanta. A duk waɗannan wurare, an tsara uwar ne tun farko domin a gaje ta, an kuma rubuta abin da ɗiya za ta iya sauyawa.

Kafin mai koyo ya saka sunan uwa a cikin baka, tambayoyi uku na da amfani. Shin sabon ajin wani nau'i ne na tsohon, ko kuwa yana da tsohon ne kawai a cikinsa? Shin zai cika duk ayyukan uwa ba tare da ƙin ko ɗaya ba? Shin an yi uwar domin gado, ko rubutunta kawai ake kwaɗayi? Idan amsar ɗaya daga ciki ta karkata, haɗi ya fi. Idan dukansu sun daidaita, a gada, a kira maginin uwa da farko, sannan a gwada ɗiyar a duk wurin da uwa ke aiki.